Furen Yini Ɗaya A Ƙasar Ƙanƙara

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwa labarin wata ƙasa da na zauna cikinta wata 10, da wata dabara ta mutanenta wadda ban taɓa jin an ba da labarinta da Hausa ba. Ƙasar ita ce Minesota, jiha ce can arewacin Amurka, kan iyaka da Kanada. Dabarar kuwa ita ce yadda su ke fid da wani fure da rai daga cikin tsananin ɗari. Na sani wani zai karanta ya ce, "Kai, wannan akawu ya rasa abin faɗi! Mutum ya ƙetare teku ya komo mana da zancen fure?" To, ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Manomi dai na tabbata ba zai tashi hannu wofi ba.

Ofishinmu ne ya aike ni kwas na lissafin kuɗi. Na sauka ƙarshen watan Yuli 2022, na taso cikin Mayu 2023. Manyan biranen ƙasar biyu ne, Miniyapolis da Sen Pol, suna manne da juna kamar tagwaye, bisa gaɓar kogin Misisipi, wanda mafarinsa ma cikin jihar ya ke, a wani tafki da a ke kira Itaska. Tafkuna kuwa sun fi 11,000. Wurin yana daidai rabin hanya tsakanin tsakiyar duniya da ƙarshenta na arewa, saboda haka cikin Yuni yini ya kan wuce sa'a 15, cikin Disamba kuwa ba ya cika sa'a 9. Ka tashi ofis da la'asar sakaliya, ka tarar an kunna fitilun titi.

Zancen ɗarinsu, gani ya kori ji. Mu nan, in ma'aunin zafi ya sauko digiri 10 da asuba cikin hunturu, sai ka ga dattawa sun kewaye wuta, yara sun ƙi wanka. Ruwa kuwa ba ya daskarewa sai a sifiri. To, can daren Janairu na yau da kullum ya kan kai digiri 13 ƙasa da sifiri, dare mafi tsanani cikin shekara kuma ya kai 26 ko ya wuce. A wani gari mai suna Tawa, arewacin jihar, ran 2 ga Fabrairu 1996 an auna 51 ƙasa da sifiri. Tafki ya kan sandare har motoci su hau, masunta su kafa 'yan bukkoki bisa ƙanƙara su huda rami su zura ƙugiya. Ƙasa kanta ta kan daskare ta zama kamar marmara, har doka ta ce harsashin gida a kudancin jihar sai ya kai zurfin inci 42, don ya wuce inda sanyi ke kaiwa. Wannan ita ce ƙasar da mutane su ka ɗaura wa kansu kiwon furen da zan faɗa.

An saukar da ni haya gidan wata tsohuwa a gefen Sen Pol, malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Iya ni ke ce mata, da na fassara mata ma'anar sunan ta yi murna, ita kuma ta kan ce mini ɗana. Bayan gidanta akwai lambu wanda bai fi faɗin masussuka biyu ba, ta cika shi da wannan fure iri daban daban har kamar 80, kowanne da sunansa rubuce jikin ɗan ƙarfe an kafa gindinsa. Turawa suna kiransa delili, watau furen yini, ni ma haka zan riƙa kiransa. Ganyensa dogo ne siriri, yana fitowa tun daga ƙasa kamar na dawa ƙarama, ya lanƙwasa gefe biyu kamar mafici. Daga tsakiya sanda ke tasowa, daga gwiwa zuwa ƙugun mutum, ta ɗauko 'ya'yan fure da yawa. Furen kamar bakin kakaki ya ke, ya buɗe da safe, kafin wata safiyar ya yanƙwane. Amma da ya ke kowace sanda tana riƙe da da yawa suna jiran juna, gindi ɗaya ya kan yi makonni yana fure. Saiwarsa kauri gare ta kamar yatsun hannu, cikinta ya ke ajiye abinci da ruwa. Tsakanin saiwa da ganye akwai wani ɗan farin dunƙule, wanda zan kira wuya. Mai karatu ya riƙe wannan, domin ran shukar duk a nan ya ke. Ganye ya ƙone, ba kome. Wuya ya ruɓe, shi ke nan.

Asalinsa daga ƙasashen Sin da Koriya da Japan ne. Mutanen Sin tun zamanin da suna busar da 'ya'yan furen wani irinsa suna sa wa miya, har yanzu kuwa ana nomansa don ci wajen birnin Datong. Masanin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya tabbatar masa da sunan Hemerokalis cikin 1753, daga kalmomin Girkanci biyu, yini da kyau. Da can launinsa rawaya ne da ruwan goro kawai. Wani masani, Arlow Stout, ya shekara da shekaru a lambun binciken tsirrai na Niyu Yok yana barbarar wannan iri da wancan, ya buga littafinsa a kan furen cikin 1934. Cikin 1946 masu sonsa su ka kafa jam'iyya a jihar Ayowa, ita ke rajistar sababbin iri, waɗanda yanzu sun haura 90,000, ja da shunayya da masu baki-baki kamar an yi musu surfani. Sabon iri da ya fito, gindi ɗaya tak ya kan kai dala 100, wani ya ninka haka. Ka ga ashe maganar ba ta wasa ba ce ga wanda ya zuba kuɗinsa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Furen nan hali uku gare shi. Akwai mai barci, wanda da yini ya gajarta cikin Oktoba sai ganyensa ya bushe ƙurmus, ya dunƙule tsironsa ƙarƙashin ƙasa, ba ya ko motsi sai ɗari ya wuce. Wanda ya san albasar kwaɗi tamu, da ke ɓacewa da rani ta ɓullo da ruwan farko, ya gane halin. Akwai marar barci, wanda kakanninsa daga wuraren da ba su da tsananin sanyi su ka fito, shi kullum ganyensa kore, da ya ji ɗan ɗumi sai ya tofo. Akwai kuma na tsakatsaki. Manyan masu fid da sababbin iri da yawa a jihar Fulorida su ke, can kudu inda dusar ƙanƙara baƙuwa ce, furanninsu kuwa su ne masu ɗaukar ido, da yawansu marasa barci ne. Mutumin arewa ya ga hoto ya aika da kuɗi, a kawo masa shukar da ba ta taɓa sanin ƙasa na daskarewa ba. Iya ta gargaɗe ni da kada in ɗauka duk marar barci ne rago, don akwai waɗanda su ka shekara 10 a lambunta lafiya lau, akwai kuma mai barcin da ya mutu shekararsa ta fari. Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Amma galibin asarar da a ke yi, cikin marasa barci ta ke.

Aikin kariya tun ana zufa a ke fara shi. Daga Agusta Iya ta daina ba su takin da ke sa ganye, don tsiron da ya fito a makare danye ne, shi sanyi ke fara kamawa. Daga farkon Satumba ba ta ƙara dasa kome ba. Ƙa'idarsu ita ce dashe ya sami aƙalla mako 6 ya kama ƙasa kafin ta daskare, ragon iri kuwa cikin Mayu ta ke dasa shi, ya sami lokacin ɗumi duka yana zura saiwa. Wuyan kuma inci 1 ta ke binne shi, a kan ɗan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, ba ta yarda da kwari ba ko kaɗan.

Cikin Oktoba raɓa ta fara daskarewa da dare, ganyaye su ka zube, an kawo mata dammunan karan alkama an jibge jikin gareji. Mako ya wuce, biyu su ka wuce, ba ta taɓa su ba, maƙwabcinta kuwa wani saurayi sabon shiga tuni ya lulluɓe nasa. Na ce, "Iya, ga sanyi ya shigo, ga kara a ajiye, me a ke jira?" Ta ce, "Ɗana, kai kana tsammani bargo zan rufa musu su ji ɗumi. Ni so ni ke ƙasa ta daskare tukuna, sa'an nan in rufe sanyin a ciki kada ya fita." Wannan magana ita ce kan labarin duka, bari in warware ta yadda na fahimta.

Shukar da ta shiga barci cikin daskararriyar ƙasa, in an bar ta haka har ƙarshen ɗari, da wuya wani abu ya same ta. Abin da ke kashe ta shi ne yau a narke gobe a daskare. Rana ta haska cikin Fabrairu ko Maris, saman ƙasa ya saki, marar barci ya ɗauka lokaci ya yi, ya ja ruwa ya tofo. Dare ya yi, sanyi ya komo, ruwan da ke cikin tsiron ya daskare ya kumbura ya farfasa naman, da ya narke sai ka ga ganyen ya zama kamar dafaffen alayyafo. Ruɓar ta bi ta gangara har wuya. Ban da wannan kuma, ƙasa mai laima in tana daskarewa ta kan kumburo sama, in ta narke ta koma, a hankali a hankali ta tunkuɗo sabon dashe waje kamar yadda a ke tura haƙori mai girgiɗi, har wuya da saiwa su fito fili iska ta busar da su. Amfanin karan shi ne ya tare rana da iska, ƙasa ta zauna hali guda. Manoman doya na ƙasarmu sun san irin wannan, su da ke ɗora wa kan tudun doya hular ciyawa don zafin rana kada ya dafa irin. Su zafi su ke tarewa kada ya kashe, waɗannan ma ɗumin rana su ke tarewa kada ya ta da mai barci.

Wanda ya rufe da wuri kuwa, sauri ya haifi nawa. Ƙasa tana da sauran ɗumi da laima, shukar ta ƙi kwanciya, wuya ya jiƙe. Har wa yau akwai wani irin ɓeran gona mai gajeren wutsiya, da ke neman masaukin hunturu daidai wannan lokaci. In ya tarar da kara shimfiɗe bisa ƙasa mai taushi, ya sami ɗaki da rumbu gaba ɗaya, ya kwana cikin karan ya ci saiwar. Amma in an jira ƙasa ta yi tauri, ya riga ya kama gida wani wuri.

Sai da Nuwamba ta raba tsakiya, aka kwana da yawa ruwa bai narke ba, Iya ta fita ta buga diddige a ƙasa ta ji ƙam, sa'an nan ta ce mu ɗebo kara. Ba duka mu ka rufe ba. Tsofaffin masu barci ko kallonsu ba ta yi ba. Waɗanda aka dasa cikin shekarar, da marasa barci kamar 20, su mu ka bi ɗaya ɗaya, mu na barbaza karan sako-sako, kauri inci 4 zuwa 6, har ya wuce gindin da taki ɗaya kowane gefe. Ba a dannawa, don iskar da ke tsakanin karan ita ke aikin. Wasu su kan yi da ciyawar fadama, wasu da ganyen wani itace mai suna ok, wanda ya ke da tauri ba ya liƙewa. Ganye mai laushi kuwa ba a so, da ya jiƙe ya kan manne ya zama kamar tabarma ya toshe numfashin shukar. Bayan bikin Kirsimeti ta bi maƙwabta ta karɓo itatuwan da su ka yi ado da su za su yar, ta sassare rassan ta ɗora bisa karan don iska kada ta kwashe. Waɗanda ke cikin tukwane kuma mu ka shigar gareji marar wuta, zama saiwar da ke cikin tukunya sanyi ta kowane gefe ya ke shigarta. Tana da taswirar lambun cikin wani littafi, don ƙasa ta kan tumɓuke ƙarafan suna ita ma.

Babban marufi dai na sama ne. Dusar ƙanƙara iska ce ta fi yawa cikinta, in ta kai ƙafa guda, ko waje ya kai 25 ƙasa da sifiri, fuskar ƙasa ba ta yin nisa da sifiri. Shekarar da na yi can an yi sa'a, dusar da ta zuba ta kai inci 90, abin da aka saba kuwa kamar 50 ne. Mu masu share hanya da shebur mu na ƙunƙuni, Iya tana ta murna, har in na kwaso daga bakin ƙofa ta kan ce in zuba mata bisa ragwayenta, amma ban da ta bakin titi, wadda ta haɗu da gishirin da hukuma ke watsawa.

Buɗewa ta fi rufewa wuya. Cikin Afrilu 2023 aka yi wani abin mamaki: ran 12 ga wata zafi ya kai digiri 31, mutane su ka fito da gajeren wando, bayan kwana 4 dusar ƙanƙara ta sake zuba. In ka bar karan ya daɗe, tsiro ya fito ƙarƙashinsa fari fat, raunanne, ko ya ruɓe. In ka kwashe gaba ɗaya, dare guda ya ishe ka. Iya da hannu ta ke janye shi kaɗan kaɗan, ta tara gefen kowane gindi inda za ta iya mai da shi da magariba in an ce za a yi sanyi. Ganyen da ya lalace ta tsinke har ta isa farin nama mai tauri. Wanda ƙasa ta tunkuɗo ta danna shi da tafin hannu ta ƙara masa ƙasa. Wanda bai nuna alamar rai ba kuma ba ta haƙa shi sai Yuni, don wani ya kan tofo daga gefe bayan an fid da tsammani. Guda 1 kaɗai ta rasa. Maƙwabcin nan da ya ɗaga nasa karan, hanyoyin ɓera ya tarar sun yi kamar zanen ƙwarya.

Ɗarin ma yana da nasa alheri. Akwai wata cuta mai sa ganyen furen tsatsa, wadda aka fara gani a Amurka cikin 2000 a jihar Jojiya. Ba ta rayuwa sai bisa ɗanyen ganye, saboda haka mutanen kudu ke fama da ita shekara duka, a Minesota kuwa ko ta biyo sabon dashe, hunturu ya kan share ta.

Wata Asabar aka kai ni babban lambun gwaji na Jami'ar Minesota a garin Caska, yamma da birni, wanda aka kafa cikin 1958, girmansa kamar eka 1,200. Aikinsu na asali shi ne neman shukar da za ta jure ɗarin ƙasar da kanta, kuma masanan jami'ar nan ne su ka fid da tuffar Honeycrisp cikin 1991. Wannan hanya ita ta fi kwanta mini a rai, in an tambaye ni. Dubi wani ɗan ƙaramin furen yini rawaya mai suna Stella de Oro, wanda wani mutumin Indiyana, Walter Jablonski, ya fitar cikin 1975. Mai barci ne, za ka gan shi bakin gidajen mai da kantuna, ba mai rufa masa ko tsinke, kowace shekara yana nan. Masu gwaninta su kan raina shi don ya yi yawa, kamar yadda mu ke raina zogale don yana bayan kowane gida. Da na faɗa wa Iya ra'ayina ta ce gaskiyata, yanzu ma akwai masu barbara a jihohin arewa da Kanada da ke auren kyan na kudu da ƙarfin na arewa, irinsu ta fi saye. Amma ta ce wanda ya ga furen Fulorida ya buɗe da safe sau ɗaya, ba ya jin wa'azi.

Bayan na komo gida ta rubuto mini labarin hunturun da ya biyo, na 2023 zuwa 2024, wanda tun da aka fara ajiye lissafi ba a taɓa yin mai ɗumi kamarsa a jihar ba. Mai karatu zai ce to ai sun huta. Ina! Dusar da ta zuba kamar sulusin ta shekarata ce, da yawanta ma sai ƙarshen Maris ta zo. Tsakiyar Janairu sanyi ya sauko na 'yan kwanaki bisa ƙasa kusan tsirara, ƙarshen watan kuma zafi ya haura digiri 10, marasa barci su ka farka tun da sauran wata 3 kafin lokacinsu. Ta ce ƙasa ta yi ta daskarewa tana saki har ta rasa ranar da za ta kira ranar rufewa, daga baya ta rufe hakanan. Cikin ragwayenta 7 su ka tafi, har da wani ja mai bakin zinariya da ta saya dala 150, masu barci kuwa ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ta cike gurabun da irin mutanen arewa, sai guda ɗaya da ta sake aikawa Fulorida a kawo mata, ta dasa shi arewa da katangar gida, inda inuwa ke riƙe ƙanƙara har Afrilu.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Kaduna.